Alwatika uku a ginshiƙin wani haikali a Chennai: lissafi ne ko gwanintar hannu?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da nake so masu lissafin gidan nan su duba mana. A birnin Chennai na kudancin Indiya, unguwar Thiruvanmiyur, akwai wani haikalin Hindu da ake kira Marundeeswarar, na abin bautarsu Shiva ne, kuma tsohon wuri ne sosai don tun ƙarni na 7 mawaƙan addininsu irin su Appar da Sambandar suke ambatonsa. A jikin wani ginshiƙin dutse a wurin an sassaƙa alwatika guda uku, an jujjuya su sun ba da tauraro mai tsini 9, an kuma saƙa su cikin juna. Abin mamakin shi ne in ka ɗauki kowaɗanne biyu daga ciki ba su sarƙe da juna ba, ɗaya kawai yana kwance ne a kan ɗaya, amma su ukun a haɗe ba ka isa ka raba su ba sai ka yanke guda. Wani malamin fiziks na jami'ar fasaha ta IIT Madras, Arul Lakshminarayan, ya yi rubutu a kai a mujallar Resonance a 2007. Irin wannan sarƙa kuwa sai a 1892 wani Bajamushe Hermann Brunn ya zauna ya yi nazarinta. To wannan ba hujja ba ce cewa masassaƙan nan sun riga Turawa sanin lissafin ƙulli? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Yaya Abban Sadiq ni tun a farko aka bar ni a baya, wai ƙulli ma har yana da lissafi? kuma ta yaya biyu ba su riƙe juna ba amma uku sun riƙe

Malamin Lissafi:
Yana da shi Hajiya, fanni ne guda da ake yin digiri a kansa. Bari in fara daga ƙasa. Ki ɗauki igiya ki ƙulla ta yadda kika ga dama, sannan ki haɗe bakinta biyu ki ɗinke su ta zama ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Wannan shi ne ƙulli a wurinmu. Dalilin haɗe bakin shi ne in an bar shi a sake kowane ƙulli zai kwance ta nan. Daga nan tambayar ɗaya ce, in na ba ki ƙulli biyu, za ki iya murɗa ɗaya ki ja ki lanƙwasa ba tare da almakashi ba har ya koma kamar ɗayan? In eh to abu ɗaya ne ko da kamanninsu sun sha bamban. Muna ƙirga wuraren da igiya ta gitta kanta, mu ce musu mahaɗa. Zobe kawai ba shi da ko ɗaya. Mafi sauƙin ƙulli na gaskiya mahaɗa 3 gare shi, shi ne wanda kowa yake yi in zai ɗaure bakin buhu. In ba a ƙirga waɗanda ƙulli biyu ko fiye ne aka jera a igiya ɗaya ba, mai 4 guda ɗaya ne, masu 5 biyu ne, masu 6 uku, masu 7 bakwai, masu 8 su 21, masu 9 su 49, masu 10 su 165, daga nan abin sai ya haukace, a 1998 da aka ƙirga da kwamfuta har zuwa mahaɗa 16 an samu 1,701,936.

Batun uku kuma ki tuna duwatsun murhu, biyu ba sa riƙe tukunya sai na ukun ya zo. Ki ɗauka ɗaya ja ne, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Ja yana kan kore, kore yana kan shuɗi, shuɗi kuma ya dawo ya hau kan ja. Babu wanda yake saman kowa da kowa balle ki ɗaga shi ki tafi. Da zobba aka fi sanin abin, ana ce musu zobban Borromeo saboda wani gidan sarauta na Italiya da ya sa su a tambarinsa.

Maman Iman:
Yauwa yanzu na gane, Allah ya ƙara ilimi Malam

Abu Hafsat:
Ni fa jama'a ina da magana. Gidan gumaka ne ake ta yabo a nan. Kuma batun ƙulle-ƙulle ba ƙaramin abu ba ne, kullum muna karanta Falaƙi muna neman tsari daga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Me ya kai mu tono alamomin bautar wasu?

Abban Sadiq:
Malam Abu Hafsat Allah ya saka da nasiha, amma ba wanda ya ce a bauta wa wani abu a nan. Al-Biruni Musulmi ne, ya koyi harshen Sanskrit ya zauna da malaman Hindu ya rubuta littafi guda a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya bayyana aƙidarsu da lissafinsu da ilimin taurarinsu bai bar addininsa ba. Lambobin da kake lissafin zakka da gado da su daga Indiya suka biyo ta hannun su Al-Khwarizmi. Ƙullin da surar ta ambata na masu sihiri ne da suke tofi da niyyar cutarwa, mu kuma ƙirga mahaɗa muke yi.

Abu Hafsat:
Na ji. Amma dai a riƙa bambanta bayani da yabo, a faɗi cewa su suka yi imani da kaza, kar a faɗe shi kamar gaskiya ne. Akwai yara a gidan nan.

Shugaban Zaure:
Wannan sharaɗi ne mai kyau, a kiyaye. A kuma kiyaye bakinmu a kan mutanen da ake magana a kansu, ba zagi ba izgili. A ci gaba.

Malamin Lissafi:
To Abban Sadiq ga amsata, kuma ka yi haƙuri don ba za ta yi maka daɗi duka ba. Ka ɗauko takarda ka zana da'ira ka sa ɗigo 9 a jikinta tazara ɗaya, ka ba su lamba 1 zuwa 9. Haɗa 1 da 4 da 7 da jan biro. Haɗa 2 da 5 da 8 da kore. Haɗa 3 da 6 da 9 da shuɗi. Tauraron kenan. Yanzu ka ɗora yatsa a kan layin ja ka bi shi, ka lura da waɗanda yake gittawa: kore, shuɗi, kore, shuɗi, ka sha kwana, kore, shuɗi, kore, shuɗi, haka har ka dawo. Ba a taɓa samun kore biyu a jere. To duk mai saƙa a duniya doka ɗaya yake bi, sama, ƙasa, sama, ƙasa. In ka bi wannan dokar a tauraron nan dole ja ya hau kan kore a duk inda suka haɗu, ya kuma shige ƙarƙashin shuɗi a duk inda suka haɗu. Ka gani? Abin mamakin da ka ambata da kansa yake fitowa, ba sai masassaƙin ya nufe shi ba. Mahaɗa 18 ne gaba ɗaya, kowaɗanne biyu sun gitta juna sau 6. Kuma ba daidai yake da zobban Borromeo ba, su mahaɗa 6 gare su, wannan ɗan uwansu ne dai mai hali iri ɗaya.

Sai abu na biyu, tsufan haikali daban tsufan ginshiƙi daban. Irin wuraren nan sarakuna sun yi ta ƙara musu gini, na Chola sun yi nasu, na bayansu ma sun yi. Don an ambaci wurin a ƙarni na 7 ba shi ke nuna a lokacin aka sassaƙa dutsen ba.

Abban Sadiq:
Na zana yanzun nan kuma haka ne, kore shuɗi kore shuɗi. Amma Malam ban sallama ba. Me ya sa ya zaɓi alwatika uku? Da biyu ya yi, tauraro mai tsini 6, ya bi sama ƙasa ɗin, da sun sarƙe da juna kai tsaye ba wani abin mamaki. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana wannan aiki ka ce bai lura da bambancin ba? A dutse fa yake aiki, ba gogewa, sai ya san inda kowane layi zai bi kafin ya ɗora kurfi.

Telan Fagge:
Ku ba ni dama in sa baki don wannan layina ne. Ni aikin hannu na gada, babbar riga da hula, aska biyu aska takwas duk mun yi. Maganar Malam gaskiya ce, doka ɗaya ce sama ƙasa, yaro ma ita ake fara koya masa kuma in ya yi sama biyu a jere daga nesa za ka hango aikin ya karye. Amma maganar Abban Sadiq ma gaskiya ce, mai sana'a yana sanin abin da ba a faɗa masa ba. Ni kafin in fara zane na san ko zare ɗaya zai zagaye shi ya dawo ko sai na sa biyu, ban san sunan abin a boko ba amma ido ya sani. In ka tambaye ni dalili ba zan iya rubuta maka ba, in ka ba ni allura zan nuna maka. Don haka kar a raina mutumin nan a ce tsautsayi ne kawai.

Malamin Lissafi:
Alhaji ba raini ba ne ko kaɗan, kuma abin da ka faɗa shi ne ainihin inda nake so mu je. Sanin da ke hannunka sani ne na gaske. Abin da fannin lissafin ya ƙara shi ne hujjar cewa abu ba zai yiwu ba. Ka ce ƙullin nan ba ya kwancewa, ta ina ka sani? Don ka gwada sau dubu bai kwance ba, wa ya ce a na dubu da ɗaya ba zai kwance ba? A 1927 Kurt Reidemeister ya nuna duk wani motsi da za ka yi wa igiya a kan tebur haɗin motsi iri uku ne kacal. Daga nan sai a nemi wani hali da motsin nan uku ba sa canzawa. Misali mai sauƙi, ka zana ƙulli mai mahaɗa 3, za ka ga ya rabu gaɓa uku, ka ba kowace gaɓa launi daga launuka uku da sharaɗin a kowace mahaɗa ko dai launukan su zama iri ɗaya duka ko su bambanta duka, kuma kar ka yi amfani da launi ɗaya tak. A wannan ƙullin yana yiwuwa. A zobe kuwa gaɓa ɗaya ce, ba zai yiwu ba. Tunda motsin ukun ba sa ɓata wannan halin, to har abada ƙullin ba zai koma zobe ba. Wannan ita ce hujja, ba gwaji.

Kuma Turawan ma ba da tsabtataccen tunani suka faro ba. A 1867 Lord Kelvin ya zaci ƙwayoyin zarra ƙulle-ƙulle ne a cikin wani abu da ya cika sarari, abokinsa Peter Guthrie Tait na Edinburgh ya zauna shekaru yana jera ƙulli da hannu don ya yi jadawalin sinadarai, ra'ayin ya rushe jadawalin ƙullin ya tsira. Har a jadawalin da aka gada an yi kusan shekara 75 ana ɗaukar wasu biyu masu mahaɗa 10 a matsayin daban, sai a farkon shekarun 1970 wani lauya Kenneth Perko ya nuna abu ɗaya ne. Ido yana yaudara, ko na ƙwararru.

Ɗalibar Bangalore:
Slm. Ina bin zancen tun ɗazu, ni a Karnataka nake karatu kuma ina ganin akwai wanda aka manta a muhawarar nan, mata. A kudancin Indiya musamman Tamil Nadu da asuba mace za ta share ƙofar gida ta yayyafa ruwa ta ɗebo garin shinkafa a yatsu ta zana abin da suke kira kolam, kullum fa, da rana a tattake shi gobe a sake. Akwai irin da suke ce wa sikku kolam, sai ta fara jera ɗige-ɗige sannan ta ja layi yana lanƙwasa yana zagaye kowane ɗigo bai taɓa shi ba har ya dawo inda ya faro. A watansu na Margazhi, tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, har gasa ake yi manya-manya suna cike titi. Su a imaninsu yana maraba da Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, kuma rufaffen layi yana hana mugun abu shiga gida, garin shinkafar kuma sadaka ce ga tururuwa da tsuntsaye. To masassaƙin nan a irin wannan gida ya tashi, yana buɗe ido yana ganin uwarsa tana wannan. Ba sai ya je wata makaranta ba kafin ya san layi mai sarƙewa. Kuma malaman can sun ɗauki abin da muhimmanci, tun shekarun 1970 Gift Siromoney da abokan aikinsa a Madras Christian College suka yi nazarin kolam da ka'idojin ilimin kwamfuta.

Maman Iman:
Allah sarki mata, ko'ina aikinmu sai an tattake shi kafin a san darajarsa. Ƙanwata su macizan da nake gani a hotunan haikalinsu suna nannaɗe da juna fa, su ma cikin lissafin suke?

Ɗalibar Bangalore:
Suna ciki Anti. Naga suke ce musu, gamsheƙa ce. Za ki ga allunan dutse a jere a gindin itacen pipal, dangin ɓaure ne, an sassaƙa macizai biyu sun murɗe da juna kamar tufka, yawanci masu neman haihuwa ne suke kafa su bisa al'adarsu. A nan Karnataka kuma akwai haikalan daular Hoysala, na Belur da aka fara a 1117 zamanin sarki Vishnuvardhana, da na Halebidu, da na Somanathapura kusa da Mysuru na 1258, UNESCO ta sa su ukun a jerin kayan tarihin duniya a 2023. Dutsen da suka yi aiki da shi mai laushi ne lokacin da aka haƙo shi shi ya sa suka iya yi masa aiki kamar itace. A na Somanathapura rufin zauren kashi-kashi ne kowanne da zanensa daban, a ciki akwai igiyar da aka saƙa ba farko ba ƙarshe. Abin da ya fi burge ni ma shi ne masassaƙan Hoysala suna sa sunansu a ƙasan aikinsu, akwai Mallitamma akwai Dasoja, ka ga mutane ne da suka san abin da suke yi suna alfahari da shi. A Kanchipuram kuma haikalin Varadaraja akwai sarƙa mai zobba da aka fitar daga dutse guda tana reto.

Abban Sadiq:
Kun gani ko! Sarƙa daga dutse guda. Malam wannan ma ka ce hannu ne kawai?

Malamin Lissafi:
Hannu ne da ƙwaƙwalwa, ban taɓa cewa kawai ba. Sarƙar a lissafi ita ce mafi sauƙi, zobe biyu mahaɗa 2, wahalarta a dutsen take. Amma ƙanwarmu ta buɗe mana ƙofar da ta fi komai daɗi, ku ɗauko takarda kuma. Jera ɗigo layi 2, kowane layi ɗigo 2. Ka ja layin kolam yana bi ta tsakanin ɗigo da ɗigo a karkace, in ya kai gefe ya zagayo. Za ka ga zare ɗaya bai isa ba sai biyu, dogayen zobba biyu sun gitta juna, mahaɗa 4. Alhaji Tela me ka gani?

Telan Fagge:
Ikon Allah. Ai dagi ne wannan! Dagin da muke sawa a riga.

Malamin Lissafi:
Shi ne. Yanzu yi 3 sau 3. Zare uku za ka samu, dogayen zobba biyu da suka gicciye da kuma murabba'i a karkace da ya ratsa su, mahaɗa 12, wato dagin Arewa irin wanda ake sa wa murabba'i a tsakiya, wanda muke gani a bangon gidajen Zariya da Kano da tambura. Sai ka yi 2 sau 3, nan zare ɗaya ne zai zagaye duka ya dawo, mahaɗa 7. Wannan kuwa in ka saƙa shi sama ƙasa daidai yake da ƙulli marar ƙarshe ɗin nan da ya shahara a Indiya da Tibet, wanda a zane ake ganin kamar mahaɗa 9 gare shi amma biyu na murɗa ne kawai suna warwarewa, a jadawali shi ne na huɗu cikin masu mahaɗa 7. Dokar kuma guda ce, yawan zaren shi ne babbar lambar da take raba yawan layuka da yawan ɗigon kowane layi duka ba saura. 2 da 2 ta ba da 2. 3 da 3 ta ba da 3. 2 da 3 ba abin da ke raba su sai 1, zare ɗaya kenan. 3 da 4 ma zare ɗaya, mahaɗa 17. Mutanen Chokwe na Angola ma da suke zane a yashi, sona, wannan dokar ce take aiki a nasu, Paulus Gerdes ya yi rubutu mai yawa a kai.

Ɗan Zazzau:
To ashe daga Indiya muka samo dagi kenan? Don ni dama na taɓa jin wasu na cewa ba namu ba ne

Malamin Lissafi:
A'a ɗan uwa, lissafin akasin haka yake nunawa. Zanen 2 sau 2 shi ne abu na farko da duk wanda ya fara saƙa layi zai faɗa a kai, ba wata hanya. Shi ya sa yake a daɓen gidajen Rumawa, Turawa suna ce masa ƙullin Sulaimanu, yana aikin duwatsun ado na Yarbawa, yana zanen Musulmi na gabas da Andalus. Kamanni kaɗai ba ya nuna wani ya ara daga wani, sai an kawo hanyar da abin ya biyo, fatake ko littafi ko kaya.

Abu Hafsat:
Wannan ya ƙara min ƙarfi a kan abin da na faɗa tun farko ta wata fuskar. In zane ɗaya ne a wurinmu da wurinsu to ma'anar ba a jikin zanen take ba, a zuciyar mai yi take. Mu dagi ado ne da alamar haɗin kai tun zamanin Sardauna, su kuma sun jingina nasu ga abin bautarsu. Kar gobe wani ya zo ya ce hular Alhaji Tela shirka ce, kar kuma wani ya ce tunda lissafi ya yi daidai to aƙidar ma ta yi daidai.

Ɗalibar Bangalore:
Haka ne Malam, kuma ko a cikinsu ma'anar ba ɗaya ba ce. Alamar da suke kira shrivatsa a wurin Hindu tabo ne a ƙirjin abin bautarsu Vishnu inda suke cewa Lakshmi take zaune, kuma a gumakan ba kullum ake yin ta kamar ƙulli ba, wani lokaci 'yar alwatika ce wani lokaci kamar fure. Mabiya Jain suna sa ta a ƙirjin manyan malamansu. Mabiya Buddha na Tibet su ne suka fi yin ta a matsayin ƙulli marar ƙarshe cikin alamominsu 8 masu albarka, suna fassara ta da haɗuwar hikima da tausayi ko yadda komai yake rataye da wani abu. Wasu kuma su ce zagayen mutuwa da sake haihuwa ne da suka yi imani da shi, samsara. Alwatika ma tana da nata, mai kallon sama Shiva mai kallon ƙasa Shakti, abar bautarsu mace, a zanensu na Sri Yantra guda 9 ne, 4 sama 5 ƙasa, suna haifar da ƙanana 43.

Abban Sadiq:
To ai nan nake. Mutanen da alwatika take da wannan nauyi a wurinsu, kuma uku take da nauyi, Brahma da Vishnu da Shiva, ga abar bautar da ke haikalin na Chennai ma Tripurasundari, wadda sunanta ya ƙunshi uku, a ce sun sassaƙa uku da ba sa rabuwa sai an cire ɗaya kuma ba su nufi komai ba? Ni zuciyata ba ta karɓa ba.

Malamin Lissafi:
Zai iya yiwuwa sun nufa, ban kore ba. Abin da nake ƙi shi ne mu ɗauki fassarar da ta yi mana daɗi mu liƙa wa mutumin da ba ya nan balle ya ce eh ko a'a. Kiristocin Faransa a ƙarni na 13 sun zana zobba ukun nan suka ce Triniti ne, wato aƙidarsu ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Gidan Borromeo suka mai da su tambari. Ƙungiyar masana lissafi ta duniya ta ɗauke su tambarinta a 2006. Duk wanda yake da abu uku da yake so ya ce ba sa rabuwa zai ga kansa a ciki. In ana so a ce ga abin da masassaƙin Chennai ya nufa to a kawo rubutu a jikin dutsen ko nassi daga littattafan sana'arsu, Shilpa Shastra, da ya ce a yi kaza don kaza. Wannan aikin masu tarihi ne. Ni abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne mahaɗa 18 ne, ba za su ragu ba, kuma ukun ba sa rabuwa. Ko rashin raguwar mahaɗan ma sai a shekarun 1980 aka iya tabbatar da shi, bayan Vaughan Jones ya gano sabon ma'auninsa a 1984, a 1987 Kauffman da Murasugi da Thistlethwaite suka tabbatar da hasashen Tait cewa zanen da ya bi sama ƙasa ba tare da murɗar banza ba ba a iya rage masa mahaɗa. Wato abin da masu saƙa suke yi tun fil azal shi ne ya ɗauki masana shekara ɗari.

Ɗan Zazzau:
Malam to duk wannan wahalar tana da amfani kuwa ko dai wasa ƙwaƙwalwa ne

Malamin Lissafi:
Tana da shi. Zaren halitta na DNA yana cukurkuɗewa a cikin ƙwayar halitta, akwai sinadaran da aikinsu su yanke shi su wuce da wani ta ciki su sake haɗawa, ana ce musu topoisomerase, masu bincike suna duba irin ƙullin da ya fito su gane yadda sinadarin ya yi aiki. Maganin cipro da ake rubuta wa mutane irin wannan sinadarin na ƙwayoyin cuta yake hanawa aiki.

Telan Fagge:
Malam bar ni da DNA tukuna, ni dokar nan taka ce ta hana ni sakat. Akwai zanen da nake yi a gaban riga, na ƙirga shi yanzu 4 ne sau 6, kullum zare biyu yake ci kuma na daɗe ina so ya zama ɗaya don launi ɗaya nake so ya zagaye. A lissafinka 4 da 6 biyu ke raba su, to ya yi daidai. Yanzu sai na canza girman kenan?

Malamin Lissafi:
Ba sai ka canza ba Alhaji. In za ka iya mai da shi 4 sau 5 ko 5 sau 6 shi kenan zare ɗaya ne. In kuma girman dole ne to ka yi dabarar da matan kolam suke yi. Zanen naka mahaɗa 38 gare shi, ka zana zare ɗaya da ja ɗaya da baƙi a takarda, ka nemi mahaɗa guda inda ja ya gitta baƙi, ba inda ja ya gitta ja ba. A nan sai ka hana su gittawa, kowanne ya lanƙwasa ya juya kamar ya ci karo da bango, jan ya zarce cikin hanyar baƙin, baƙin ya zarce cikin ta jan. Sun zama zare ɗaya, mahaɗa 37. Matsalar kawai zanen zai ɗan karkace gefe guda, in kana so ya daidaita dama da hagu sai ka yi wa wurare uku, ɗaya a tsakiya biyu a gefe suna kallon juna, amma bayan kowane ɗaya ka sake bin zaren da yatsa, don in ka taɓa inda zare ya gitta kansa yana iya rabewa biyu kuma.

Telan Fagge:
To madalla. Tsakiyar ce zan fara dubawa, in ja da baƙi ne suka haɗu a wurin ma guda ɗaya ta wadatar.